Fatawa: Hukuncin Ƙaurace wa Gasannin Wasanni na Duniya Saboda Zaluncin Wata Ƙasa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, muna da majalisa a unguwarmu, kuma duk lokacin da wata babbar gasa ta ƙarato sai gardama ta kaure. Wasu na cewa haramun ne ƙasarmu ta tura 'yan wasa zuwa ƙasar da gwamnatinta ke kashe mutane ko ɗaure su ba tare da shari'a ba, ko a buga da tawagar ƙasar da ke zaluntar Musulmi. Har cewa suke wanda ya biya kuɗi ya shiga gidan kallo ya yi tarayya a zunubin. Wasu kuma na cewa wasa daban, siyasa daban. A cikinmu akwai mai gidan kallon ƙwallo, akwai kuma wanda ƙanensa ɗan dambe ne yana fatan a kira shi tawagar ƙasa. Mene ne hukuncin shari'a? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Wani mai karatu daga Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kowane ɓangare a majalisarku ya riƙi wani yanki na gaskiya ya saki saura. Ƙaurace wa gasa hanya ce ta hana azzalumi zaluncinsa, ita kuwa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi, kamar yadda Imam Ƙarafi da sauran malaman usulu suka tabbatar. Saboda haka wani lokaci takan wajaba, wani lokaci a so ta, wani lokaci ta tsaya a halal kawai, wani lokaci kuma ta haramta. Sannan hukuncin gwamnati da hukumar wasanni daban ne da na ɗan wasa, na ɗan wasa kuma daban da na mai kallo.

Mu fara da asali, don a san wa ke da nauyin kawo hujja. Wasan motsa jiki halal ne muddin babu caca, babu bayyana tsiraici, babu tozarta salla. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya shirya tseren dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a masallacinsa. Hulɗa da wanda ba Musulmi ba ita ma halal ce, don ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Duk wanda ya ce shiga gasa haramun ne, shi zai kawo abin da ya ɗauke ta daga asalinta.

Abin da zai iya ɗauke ta kuwa yana nan, kuma yana da nauyi. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 2: "Ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka." A Suratu Hud aya ta 113 ya hana karkata ga waɗanda suka yi zalunci. Annabi (SAW) ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yaya ake taimakon azzalumi, sai ya ce a hana shi zaluncin. To shin halartar gasa taimako ne ga mai masaukin baƙi? Sau da yawa haka ne. Gwamnatin da ta zuba maƙudan kuɗi ta gina filaye da otal-otal suna take saye. Tana so duniya ta ga tutarta, ta ji takenta, ta ga shugabanta a rumfar manyan baƙi yana miƙa kofi. Hitila ya yi haka da gasar Olamfik ta Balin a 1936. Sojojin Ajantina sun yi da kofin duniya na 1978, alhali ana azabtar da fursunonin siyasa a wata makarantar sojan ruwa kusa da filin da aka buga wasan ƙarshe. Maganar wasa daban siyasa daban kuwa, masu ita ma sun sake ta da ta zo kansu: Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar 28 ga watan FIFA da UEFA suka dakatar da ita. Kwana huɗu kacal.

Ƙauracewa ta zo a tarihin Annabi (SAW) da fuskoki uku, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya manta biyu fatawarsa za ta yi ɗingishi.

Akwai ta Sumama ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama. Da ya musulunta ya je umra, ya gaya wa Ƙuraishawa cewa ko ƙwayar alkama ɗaya ba za ta ƙara zo musu daga Yamama ba sai Annabi ya yi izini. Annabi (SAW) bai yi masa inkari ba, wannan ya nuna halacci. Amma a lura, Sumama yana riƙe da abin da Makka ke buƙata, ba cika baki ya yi ba. Sannan da yunwa ta kama mutanen Makka suka rubuto suna roƙo da zumunci, malaman sira sun ambata cewa Annabi (SAW) ya umarce shi ya saki abincin. Ke nan ko ƙauracewar da ta halatta tana da ranar ɗagewa, kuma ana duba wanda take ci.

Akwai ta Ka'abu ɗan Malik da abokansa biyu da suka ƙi fita yaƙin Tabuka ba uzuri. Dare 50 babu mai yi musu magana a Madina, har ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta, Allah ya karɓi tubarsu, aka dawo ana yi musu barka. Ƙauracewar ta yi aiki ne saboda garin gaba ɗaya ya shiga, kuma waɗanda aka ƙaurace wa sun damu da masu ƙaurace musu. Munafukan da suka zo da uzurin ƙarya, waɗanda laifinsu ya fi girma, an karɓi zahirinsu an bar su da Allah. A kan irin wannan ne Ibnu Taimiyya ya ce ƙauracewa tana sassaɓawa gwargwadon ƙarfi da rauni da yawa da ƙarancin masu yin ta: idan za ta rage sharri an shar'anta ta, idan kuwa sharrin za ta ƙara to jawo mutum a jiki ya fi.

Ta uku ita ce wadda Ƙuraishawa suka yi wa Banu Hashim da Banu Muɗɗalib a Shi'ibu Abi Ɗalib, kimanin shekara uku ba ciniki ba auratayya, har ana jin kukan yara daga bayan kwari. Wannan zalunci ce tsantsa, kuma waɗanda suka tashi suka warware ta, irin su Hisham ɗan Amru da Muɗ'im ɗan Adiyyu, a lokacin mushrikai ne. Sunan ƙauracewa shi kaɗai ba ya wanke aiki.

Malamanmu Malikawa, irin su Ibnu Rushdi kaka, sun sa sharuɗɗa uku ga hani da mummuna. Mai hanin ya san cewa abin mummuna ne, ya aminta haninsa ba zai kai ga abin da ya fi muni ba, ya kuma rinjayar da zaton cewa zai yi amfani. Idan na farko ko na biyu ya ɓace, hanin bai halatta ba. Idan na uku ne kaɗai ya ɓace, wajibci ya faɗi amma halacci yana nan. A kan wannan ma'auni za a ɗora mas'alarku.

Sharaɗin sani yana da gaɓa biyu. Ta farko, a tabbatar zaluncin ya faru, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta yi umarni. Bidiyon WhatsApp da ba a san ranarsa ko garinsa ba bai isa a gina hukunci a kan ƙasa guda ba. Ana neman shaidu masu yawa daga ɓangarori da ba su haɗa baki ba, ko hukuncin kotu, ko iƙrarin gwamnatin da kanta. Ta biyu, a auna abin da ma'aunin shari'a, domin kalmar "haƙƙin ɗan Adam" buhu ce da aka zuba tsaba da tsakuwa. Dubi gasar kofin duniya ta Katar ta 2022. Kwana biyu kafin buɗewa aka hana sayar da giya a filayen wasa, wasu suka yi ta ƙorafi. Wannan ba zalunci ba ne, ba ma kusa ba. Amma leburorin da aka kwaso daga Nepal da Bangaladash da Indiya da Kenya, waɗanda dillalai suka karɓe wa kuɗi masu yawa kafin su samu aikin, aka riƙe wa wasu fasfo, aka jinkirta albashin wasu watanni, aka sa su aiki cikin zafi mai kisa, wannan zalunci ne da shari'a ta riga kowace ƙungiya hana shi. A hadisin ƙudsi da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama morarsa bai biya shi ba. Musulmin da ya ga Turawa na sukar Katar sai kishi ya sa ya rufe ido a kan haƙƙin lebura, ya saɓa wa aya ta 135 ta Suratun Nisa'i da ta ce a tsaya da adalci ko a kan kai ne.

Ba sharaɗi ba ne kuma wanda aka zalunta ya zama Musulmi. Annabi (SAW) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin aike, alkawarin da aka ƙulla saboda wani baƙon ɗan kasuwa da aka hana kuɗinsa a Makka, kuma ya yabe shi bayan zuwan Musulunci. Haka nan abokantakar gwamnatinmu da azzalumi ba ta sauke masa laifi. A Fabrairun 2022 Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya sun ƙi tura jami'ansu gasar Olamfik ta hunturu a Beijin saboda abin da ake yi wa Musulmin Uigur a ƙasar Sin, shugabannin wasu ƙasashen Musulmi kuwa suna zaune a bikin buɗewa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Bari a tsallaka zuwa sharaɗin amfani, don shi ne tarihi ya fi yi wa bayani.

Misalin da ya fi ƙarfi shi ne Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata. Tun 1957, da aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a Khartum, aka cire ta daga gasar farko saboda ta ƙi kawo tawaga mai haɗe da baƙi da farare. An hana ta gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, an kore ta daga kwamitin Olamfik a 1970, FIFA ta kore ta a 1976. A wannan shekarar ce 'yan sanda suka buɗe wa ɗaliban Soweto wuta ranar 16 ga Yuni, tawagar zari-ruga ta Niyu Zilan kuma ta tafi can buga wasa kamar ba a yi komai ba. Ƙasashen Afirka suka nemi a hana Niyu Zilan gasar Montreal, kwamitin Olamfik ya ce zari-ruga ba ya cikin wasanninsa, sai ƙasashe fiye da 20 suka janye, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Chadi da Sudan. Shekara ɗaya bayan haka ƙasashe renon Ingila suka sa hannu a yarjejeniyar Gleneagles ta yanke hulɗar wasanni da gwamnatin wariya. A 1986 ƙasashe 32 suka ƙaurace wa gasar renon Ingila ta Edinbura saboda firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta ƙi yarda a sa wa Afirka ta Kudu takunkumi. Afirka ta Kudu ba ta dawo Olamfik ba sai 1992 a Basilona, bayan an saki Mandela an fara rushe dokokin wariya.

Me ya sa wannan ta ci? Zaluncin yana cikin wasan kansa, tunda da launin fata ake zaɓen tawaga. Fararen da ke da ƙuri'a suna matuƙar son zari-ruga da kurket, hana su ya taɓa su inda ke musu ciwo, kamar alkamar Sumama. Waɗanda ake zalunta su da kansu suka nemi a yi. An jure sama da shekara 30. Akwai takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1977 da na kasuwanci suna tafiya tare da ita. Kuma kowa ya san abin da ake nema da ranar da za a ɗage. Irin wannan bayyanar buƙata ce ta sa ƙauracewar da Afirka ta yi wa kofin duniya na 1966 ta yi nasara: an ba Afirka da Asiya da yankin Ostireliya gurbi ɗaya tak su raba, ƙasashen Afirka suka janye gaba ɗaya, a gasar 1970 aka ba nahiyar gurbinta, Maroko ta je.

Yanzu a kwatanta da gasar Olamfik ta Mosko a 1980. Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan a Disambar 1979, shugaban Amurka Jimmy Carter ya ja ƙasashe sama da 60 suka ƙi zuwa. Har ya aiko ɗan dambe Muhammad Ali Afirka neman goyon baya, aka tare shi da tambayar ina Amurka take a 1976. Najeriya ta je Mosko, Nijar ba ta je ba. An yi gasar da ƙasashe 80, a 1984 Sobiyet da ƙawayenta suka rama a Los Anjelis, sojojinta kuwa ba su bar Afganistan ba sai Fabrairun 1989. Zaluncin gaskiya ne, kuma a kan Musulmi aka yi shi, amma ƙauracewar ba ta motsa tankar yaƙi ko ɗaya ba. Haka Yugoslabiya: an cire ta daga gasar Turai ta 1992 bisa ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 757, Denmak ta maye gurbinta har ta ci kofin, amma bayan shekara uku aka kashe kimanin Musulmi maza 8,000 a Srebrenica da ke Bosniya. Cire ta ɗin daidai ne. Kuskuren shi ne a ɗauka hana ƙwallo ya sauke nauyin kare rayuka.

Daga nan wani bambanci ke fitowa wanda yawancin masu gardama ba sa lura da shi. Korar azzalumi daga fili daban take da mu mu fita mu bar masa filin. A kora, wanda ya yi laifi shi ke ɗaukar asara, wannan ya dace da faɗin Allah cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. A janyewa kuwa, asarar tana faɗa wa namu yaran. Har ita janyewar, inda ta fi amfani shi ne inda ta zama sandar tilasta kora. Abin da ya faru da Rasha ke nan: Polan da Suwidin da Jamhuriyar Cek suka ce ba za su buga da ita wasan neman gurbi ba, su ukun a lokaci ɗaya, FIFA ta rasa yadda za ta yi. Da Polan kaɗai ce ta ƙi, da wataƙila an ba Rasha wasan an ci Polan tara.

Wannan ya kawo mu sharaɗin cutarwa, kuma a nan ana bukatar sanin dokokin hukumomin kafin a buɗe baki. Tawagar da ta ƙi fita wasan FIFA ana rubuta mata an ci ta 3 da nema, ga tara, ana ma iya korar ta daga gasar. Kwamitin Olamfik ya wajabta wa kwamitocin ƙasashe halarta, shi ya sa ya dakatar da Koriya ta Arewa har ƙarshen 2022 da ta ƙi zuwa Tokiyo. Indonesiya ta rasa karɓar baƙuncin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Maris ɗin 2023 bayan wasu gwamnoninta sun ƙi amincewa da zuwan tawagar Isra'ila. Aka mai da gasar Ajantina, yaran Indonesiya suka rasa gurbinsu na masu masauki, Isra'ila ta buga har ta zo ta uku. Niyyar mai kyau ce, Allah ya saka musu, sai dai an yi lissafin a makare: tun ranar da ƙasa ta nemi karɓar gasa ta san duk wanda ya samu gurbi zai zo. Ga kuma shi ɗan wasan. Olamfik duk shekara huɗu ake yi, mai gudu ko ɗan dambe da wuya ya samu fiye da biyu ko uku yana kan ganiyarsa. Filbert Bayi na Tanzaniya shi ke riƙe da tarihin duniya na tseren mita 1,500 a 1976, ƙasarsa ta janye bai taka filin Montreal ba, ɗan Niyu Zilan John Walker ya ɗauki zinaren.

Akwai kuma ƙauracewar da take haramun daga tushe, kuma misalinta a gida yake. Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwambar 1995, Mandela ya yi kakkausar suka, sai gwamnatin Janar Abacha ta hana Super Eagles zuwa gasar Afirka ta 1996 a Afirka ta Kudu, aka ce don tsaron 'yan wasa ne. Najeriya ce ke riƙe da kofin tun 1994. Aka yi gasar da tawaga 15, hukumar ƙwallon Afirka ta kuma hana Najeriya ta 1998. Babu wanda aka zalunta da wannan ta cetar, fushin kaza ne aka huce a kan dami. Ƙa'idar malamai ita ce duk tasarrufin shugaba a kan talakawa an rataya shi ne a kan maslaharsu.

To ga hukuncin kowa.

Gwamnati da hukumar wasanni su ne ke da hannu, don haka hani da hannu a kansu yake, kuma ana hawa matakan daga mai sauƙin asara zuwa mai tsada. Wurin da ya fi kowane amfani shi ne ranar ƙuri'ar ba da gasa. An ba Katar tun Disambar 2010, an tabbatar wa Saudiyya ta 2034 a Disambar 2024. Wanda ya yi shiru ranar ƙuri'a, ya zo yana kiran ƙauracewa bayan an gama gina filaye, ihu yake bayan hari. Haramun ne wakili ya ba da ƙuri'arsa don toshiyar baki, kuma wajibi ne ya nemi a rubuta sharuɗɗan haƙƙin ma'aikata a yarjejeniyar. Matsin lamba daga ciki yana haifar da abu: Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buɗe ofishi a Doha a 2018, a 2020 aka soke dokar da ta hana lebura canza aiki sai da izinin ubangidansa, a Maris ɗin 2021 mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 ya fara aiki, aka kuma hana aikin waje daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma a watannin zafi. Aiwatarwa ta yi rauni, amma an samu abin kamawa. Mataki na gaba shi ne hana jami'an gwamnati halartar bukukuwa, sai ƙin shirya wasan sada zumunci da tawagar azzalumi, wanda babu tara a kansa tunda ba dole ba ne, sai kaɗa ƙuri'ar dakatar da ita a babban taro. Janye tawaga gaba ɗaya shi ne na ƙarshe. Yana wajaba idan zaluncin ya tabbata kuma babba ne kamar kisan jama'a ko wariya, waɗanda ake zalunta sun nema, an samu ƙasashe masu nauyin da za su girgiza gasar, an kuma bayyana abin da ake so a gyara. Idan an yi, dole gwamnati ta biya 'yan wasan alawus da ladan da suka rasa, domin ita ta yanke hukuncin. Gwamnatin da ke ci gaba da ciniki da azzalumi ta ƙofar baya, ta ɗora kuɗin jarumtarta a kan yaron da ya yi shekara huɗu yana atisaye, ta ƙara zalunci a kan zalunci.

Na san batun Falasɗinu ne a zuciyar majalisarku. An cire Isra'ila daga hukumar ƙwallon Asiya tun 1974, daga baya ta koma ta Turai. A Mayun 2024, a babban taron FIFA na Bankok, hukumar ƙwallon Falasɗinu ta nemi a dakatar da ita, a Yulin shekarar kuma Kotun Duniya ta bayyana mamayar yankunan Falasɗinawa a matsayin haramtacciya. Akwai ma kulob-kulob na matsugunan da aka gina a ƙasar da aka mamaye suna buga gasar Isra'ila. A nan zalunci ya tabbata, ya shiga cikin wasan kansa, masu haƙƙi sun nema, ƙuri'a kuma ba ta cutar da ɗan wasan kowa. Goyon bayan wannan buƙata da ƙuri'a da murya wajibi ne a kan duk hukumar da ke da iko.

Shi kuwa ɗan wasa, irin ƙanen abokinku, ba ya zunubi don ya je gasar da ƙasarsa ta tura shi, sai fa idan an sa shi ya yabi azzalumi ko ya ƙaryata waɗanda aka zalunta, wannan kam haramun ne ko nawa za a biya shi. Idan ya zaɓi ya janye don Allah, ya halatta kuma yana da lada gwargwadon niyyarsa, amma ya san farashin. Fethi Nourine ɗan Aljeriya ya janye daga judo a Tokiyo a 2021 don kada ya haɗu da ɗan Isra'ila, aka dakatar da shi da kocinsa shekara 10. Wanda ya iya ɗaukar irin wannan a yaba masa, wanda bai iya ba kada a zage shi. Abu biyu ne ba su halatta ba. Ƙaryar rauni, ko ƙara nauyi da gangan don a faɗi a awo, ko sakin wasa don kauce wa abokin karawa na gaba, duk yaudara ce, kuma tana ɓata manufar, tunda ba wanda ya san an yi hani. Na biyu, warware kwantiragi da ka. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa sun yi wa Ƙuraishawa alkawarin ba za su yaƙe su ba, ga Badar ta zo Musulmi na bukatar kowane mutum, amma Annabi (SAW) ya ce su koma a cika musu alkawarinsu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Saboda haka ɗan wasa ya karanta takardar kafin ya sa hannu, ya tambayi inda za a yi gasar da waɗanda suka samu gurbi, ya sanar da hukumarsa matsayinsa kafin a raba jadawali, don a samu damar ba wani gurbin.

Mai kallo shi ne ya fi kowa nisa da laifin. Haƙƙin nuna gasa a talabijin ana sayar da shi shekaru kafin a buga, kuɗin da ka biya a ƙofar gidan kallo a Gusau na mai gidan ne da mai da zai zuba a janareta. Kallon yana nan a asalinsa na halal da sharuɗɗan da aka ambata, kuma abin da ya fi jawo wa masu kallo zunubi a zahiri shi ne cacar ƙwallo da barin salla ta wuce. Wanda zuciyarsa ta ƙi kallo don tausayin waɗanda aka zalunta ya yi hani da zuciya, ba ya bukatar izinin kowa don barin abin da yake halal. Idan aka samu shiri na gama-gari da malamai da masana suka tsara, wanda ake ƙirga tasirinsa a kan kamfanonin da ke ɗaukar nauyin gasa, shiga cikinsa mustahabbi ne mai ƙarfi. Amma ba shi da ikon ɗora wa wani, balle ya kira mai kallo munafuki ko maƙiyin Musulmi. Mai gidan kallo kuwa kuɗinsa halal ne, ya dai dakatar da nuni lokacin salla ko ya tanadi wurin yin ta, ya hana masu karɓar caca zama a harabarsa.

Taɓa ran ɗan wasa ko mai kallo da sunan adawa da gasa haramun ne babu saɓani. Wanda ya shiga ƙasa da biza yana cikin amana, kowace ƙasa ya fito. Harin da aka kai wa masu kallon wasan ƙarshe na kofin duniya a Kampala a 2010, da wanda aka kai gidan kallo a Damaturu a Yunin 2014, kisan kai ne da ɓarna a bayan ƙasa, ba su da wata alaƙa da hani da mummuna. Haka fasa gidan kallon wani ko ƙona masa kaya, wanda ya yi sai ya biya.

Wallahu a'alam.